Garin Kwalba a Cikin Siminti: Abin da Ya Kamata Mutanen Gaɓar Kainji Su Sani

Tun daga watan Fabrairun 2024, lokacin da farashin buhun siminti ya yi tashin gwauron zabo har ya haura Naira 10,000 a sassa da dama na ƙasar nan, maganar gini ta koma maganar masu hannu da shuni. Mai karatu zai iya tuna cewa a cikin wannan watan ne Ministan Ayyuka, David Umahi, ya zauna da manyan kamfanonin siminti uku, wato Dangote da BUA da Lafarge, aka tashi a kan cewa za a riƙa sayar da buhu tsakanin Naira 7,000 zuwa 8,000, gwargwadon nisan wuri. To, wannan "gwargwadon nisan wuri" ita ce ta shafe mu. Simintin da aka ɗauro daga Kalambaina ta Sakkwato sai ya bi ta Jega da Koko kafin ya iso Yauri, wanda kuma za a kai wani ƙauye na bakin ruwa a ƙasar Shanga ko Ngaski sai an sake biyan kuɗin mota, wani lokaci har da na jirgin ruwa. Kuma waɗannan mutanen na bakin ruwa su ne suka fi kowa buƙatarsa, domin kuwa su ne ambaliya take narkar wa da ɗakunan ƙasa, kamar yadda aka gani a 2012 da 2020 da 2022. Duk wanda ruwa ya taɓa cinye masa ɗaki, ba shi da wani buri da ya wuce ya ga ya sa bulo, ko da a ƙasan ginin ne kawai.

A cikin irin wannan hali, duk labarin da ya zo da alamar sauƙi, kunnuwa a buɗe suke. Ɗaya daga cikin irin waɗannan labarai shi ne cewa masana sun gano ana iya amfani da fasassun kwalabe da gilasan da aka zubar a bola a madadin siminti. Labarin gaskiya ne, ba ƙanzon kurege ba ne. Sai dai ni da sana'ata ita ce nazarin harshe, abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne kalmar "madadi". Idan Bahaushe ya ji an ce wannan madadin wancan ne, abin da yake fahimta shi ne a ajiye wancan a ɗauki wannan, kamar yadda taimama take tsayawa a madadin alwala. Ba haka abin yake ba a nan. Gilashi ba ya tsayawa shi kaɗai ya riƙe gini. Abin da masana suka ce shi ne ana iya rage wani ɗan kaso na simintin, galibi kashi 10 zuwa 20 cikin 100, a cike gurbin da garin gilashi, kuma wannan ma bisa sharuɗɗa. Tsakanin "madadi" da "cikon ɗan gurbi" akwai tazarar da za ta iya kayar da rufi a kan iyali.

Domin a gane dalili, ya kamata a ɗan leƙa cikin kwaɓin. Ana yin siminti ne ta hanyar gasa dutsen farar ƙasa da yumɓu a wuta mai zafin da ya kai digiri 1,450, sa'annan a niƙa abin da ya fito. Wannan gashin shi ne yake cin kuɗi, shi ne kuma ya sa masana'antar siminti take fitar da kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam yake turawa sama, wadda take ɗumama duniya. Idan aka kwaɓa siminti da ruwa, abubuwa biyu ne suke samuwa. Na farko wani danƙo ne mai sandarewa, wanda shi ne yake ɗaure yashi da tsakuwa. Na biyu kuwa ragowar farar ƙasa ce wadda ba ta ƙara wa ginin wani ƙarfin a-zo-a-gani. Shi kuwa gilashin kwalba, kimanin kashi 70 cikin 100 nasa wani sinadari ne da ake kira silika, wanda asalinsa daga rairayi ne. Idan wannan silika ta haɗu da waccan ragowar farar ƙasa a cikin danshi, sai su haɗu su sake haifar da irin danƙon nan na farko, ya toshe ƙananan kafofin da ruwa da gishiri suke bi su shiga cikin kankare. Ashe ke nan garin gilashi ba siminti ba ne, ɗan rakiya ne mai cin ragowar siminti ya mayar da ita ƙarfi. Idan babu isasshen siminti, babu ragowar da zai ci, sai ya zauna a cikin kwaɓin tamkar ƙura.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Rumawan dauri sun riƙa haɗa farar ƙasa da tokar dutse mai aman wuta da suke ɗebowa daga wani gari mai suna Pozzuoli kusa da birnin Naples na Italiya, kuma wasu gine-ginen da suka yi da ita suna nan tsaye shekaru kusan dubu biyu. Daga sunan garin nan ne injiniyoyi suka samo kalmar "fozolana", wadda suke kiran duk wani gari mai irin wannan ɗabi'a da ita.

Yanzu sai sharaɗin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma a nan Hausa ta fi harshen masanan saurin kai mutum ga fahimta. Kowace mace a ƙasar Hausa ta san bambancin ɓarza da niƙa, ta san bambancin tsaki da gari. To, gilashi idan aka ɓarza shi ya zama tsaki-tsaki aka zuba a kankare, cuta ne. Sinadaran siminti suna cin gefen kowace ƙwaya a hankali, su haifar da wani irin kitse mai shan ruwa yana kumbura, kumburin nan kuma shi ne yake tsattsaga kankare daga ciki. Ba a ganin wannan ɓarna a ranar da aka yi gini, ko a watan, sai bayan shekaru, musamman a wurin da danshi ba ya rabuwa da shi, irin garuruwanmu na bakin tafki. Amma idan aka niƙa gilashin ya yi liƙis, ya kai laushin simintin kansa, ta yadda ƙwayarsa ba ta kai kaurin silin gashin kai ba, sai ya narke cikin kwaɓin tun da wuri ya yi aikin alherin da na bayyana a sama, har ma ya taimaka wajen hana wancan kumburi. Abu ɗaya ne, amma tsakinsa guba, garinsa magani. Abin da nake jin tsoro shi ne magini ya ji wutsiyar labari, ya sa yara su farfasa masa kwalabe da guduma, ya zuba a kwaɓi, ya ce da mai gida ai haka ake yi a Turai.

A inda ake yin abin da gaske, ba da ka ake yi ba. A birnin Montreal na ƙasar Kanada, an gina wasu gadoji biyu da ake kira gadojin Darwin a tsakanin 2020 da 2021, inda aka cike kashi 10 cikin 100 na simintin da garin gilashi, abin da ya cinye kwalabe kimanin 70,000. Amma kafin a kai ga haka, Jami'ar Sherbrooke ta share shekaru tana gwaji, an fara da daɓen gefen titi da benayen da ba su ɗauke da nauyi mai yawa, ana aunawa ana rubutawa. A shekarar 2020 kuma hukumar tsara ma'aunin kayayyaki ta ASTM da ke Amurka ta fitar da ƙa'ida ta musamman a kan garin gilashin da ya halatta a sa a kankare: laushinsa, tsabtarsa da ƙarfin da dole ya bayar. Mai karatu ya lura, kashi 10 kacal suka sa a gada, su da suke da ɗakunan gwaji da injuna.

Wani zai ce wannan duk hikimar Nasara ce. A'a. Maginan Hausa sun daɗe da sanin cewa sharar wata sana'a jarin wata ce. Laso, wanda ake shafe rufin soro da shi domin kada ruwa ya ratsa, da me ake yin sa? Da katsi, wato dattin da yake kwantawa a gindin rijiyar marina, a kwaso shi a ƙona a daka, a haɗa da gashin da majema suka kankare daga fata, da ruwan dafara. Makuba kuwa daga ɓawon ɗorawa take. A maƙwabtanmu na Bida, Masaga sun daɗe suna narka kwalabe suna ƙera duwatsun ado da mundaye. Saboda haka ba tunanin ne baƙo a gare mu ba. Abin lura dai shi ne mai yin laso ya san gwargwadon kowane haɗi, ya gaje shi daga ubansa, kuma idan rufi ya yi yoyo an san ƙofar gidan da za a je. Wannan sanin gwargwado da ɗaukar alhaki su ne suka yi ƙaranci a harkar gininmu ta siminti.

To, mu dawo gida mu yi lissafi. Buhun siminti kilo 50 ne. Idan za a cike kashi 20 cikin 100, ana buƙatar kilo 10 na garin gilashi a kan kowane buhu. Mu ƙaddara kwalba uku ne suke yin kilo guda. Kwalba 30 ke nan. Gidan da zai ci buhu 100 yana neman kwalba 3,000. Ina za a samo su a Shanga? Mutanen Montreal sun shiga wannan bincike ne saboda kwalaben giya sun yi musu katutu, sun rasa inda za su kai su. Mu kuwa a wurinmu kwalba ba shara ba ce, dukiya ce mai rai bakwai. Kwalbar lemo tana komawa kamfani a cikin kiret. Wadda ba ta komawa, mai man gyaɗa yana jiran ta, mai zuma yana jiran ta, mai soyayyar gyaɗa da mai manja da mai maganin gargajiya da ɗan bumburutu duk suna jiran ta. Duk wanda ya zaga kasuwar Yauri ko ta Wara zai ga ana cinikin kwalba fanko kamar yadda ake cinikin kowace haja. Wadda ta fashe ma, idan tana da tsabta kuma ta taru da yawa, masana'antun kwalba irin na Beta Glass da ke Agbara da Ughelli suna sake narka ta, wanda shi ne amfani mafi daraja da za a yi da ita. Bugu da ƙari, roba da leda sun riga sun ƙwace kasuwar kwalba. Su ne suka toshe mana lambatu, ba gilashi ba. A Kano ko Kaduna ko Abuja, inda ake da otal-otal da masu yankan gilashin taga da na mota, lissafin zai iya fita. A ƙauyen da ke bakin Kwara, kuɗin tattarawa kaɗai zai cinye ribar.

Ko da an samu kwalaben, saura niƙa. Mayar da gilashi gari mai laushin siminti aiki ne na inji mai ƙarfi da yake juyawa sa'o'i da dama, wato aikin lantarki ne. A nan kuwa sai dai mutum ya yi murmushin takaici. Madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, an gina ta ne domin ta haskaka Nijeriya, ruwanta kuma shi ne ya cinye gonaki da tsibiran kakanninmu, amma har yau akwai ƙauyukan bakin tafkin da fitilar cocila ce haskensu. Idan kuwa da dizal za a yi niƙan, to abin da aka rage a kuɗin siminti ya tafi gidan mai.

Akwai wani haɗari da ban ji ana ambata ba. A yankin Yauri da Ngaski akwai masu haƙar zinariya, kuma suna da injinan niƙa dutse, saboda haka ba wuya wani ya ce ai ga inji a kusa. Kada mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda niƙa duwatsun ma'adinai a cikin gidaje da injinan niƙan hatsi ya jawo gubar dalma ta hallaka yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Kwalbar lemo ba ta da dalma, gaskiya ne, amma gilashin tsohuwar talabijin mai ƙeya yana da ita, dogon ƙwan lantarki kuma yana ɗauke da sinadarin makuri. Wanda yake tsintar gilashi a bola ba zai tsaya tantancewa ba. Ita kanta ƙurar niƙan ba abar shaƙa ba ce. Wannan ba sana'ar tsakar gida ba ce da za a bar wa mata da yara.

Sai kuma maganar simintin namu. Galibin simintin buhu da ake sayarwa a Nijeriya an riga an gauraya shi da niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa tun daga masana'anta, bisa ƙa'idar da hukuma ta yarda da ita. Mai karatu zai tuna da taƙaddamar da aka yi a 2014 a kan siminti mai lamba 32.5 da mai lamba 42.5. Ma'ana, sakamakon gwajin da aka yi da simintin Kanada ba lallai ne ya hau kan namu daidai wa daida ba, sai an gwada da namu, da yashinmu, da zafin ranarmu. Haka kuma kankare mai garin gilashi yana jinkirin yin ƙarfi. A makon farko yana kasa na zalla, sai an yi haƙuri an ci gaba da ba shi ruwa kafin ya kamo, wani lokaci ya wuce. To, wane mai buga bulo ne zai yi wannan haƙurin? Mun san yadda ake yi: buhu ɗaya a ja shi ya fitar da bulon da ya fi ƙarfinsa, a yayyafa ruwa kwana biyu, a loda a mota, wasu su rugurguje tun kafin a sauke su. Mutumin da ya riga ya ƙware wajen ƙwarar siminti, idan ka ba shi fatawar cewa kimiyya ta halatta ragewa, ka ba kura ajiyar nama.

A tawa fahimtar, idan darasin wannan bincike shi ne kowace al'umma ta duba sharar da ta fi yi mata yawa, to tamu ba kwalba ba ce, ɓuntun shinkafa ne. A Birnin Kebbi ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamban 2015, a jihar nan aka yi shinkafar Lake tare da Legas a 2016, aka buɗe katafaren injin WACOT a Argungu a 2017, ga na Labana a Birnin Kebbi, ga ƙananan injinan casa birjik daga Yauri har Koko. Kimanin kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera ɓuntu ne, idan kuma aka ƙona ɓuntun, kimanin kashi ɗaya cikin biyar nasa toka ce. Ton guda na shanshera ke nan yana ba da kilo 200 na ɓuntu da wajen kilo 40 na toka, ita kuwa tokar nan silikar da ke cikinta ta fi ta gilashi yawa, tana haura kashi 85 cikin 100. Fozolana ce sananniya wadda aka daɗe ana nazari a kanta a Indiya da sauran ƙasashen shinkafa, da ma jami'o'inmu. Ba ta buƙatar a bi bola ana tsinta, ga ta nan tsibi-tsibi a bayan kowane inji tana cin wuta tana turnuƙe unguwa da hayaƙi, kuma niƙanta ya fi na gilashi sauƙi nesa ba kusa ba. Ita ma dai da nata sharaɗin: sai an ƙona ta a murhu na musamman da zafin da bai wuce kimanin digiri 700 ba. Idan wuta ta yi yawa silikar takan daskare ta daina aiki, ƙurarta kuma ta zama mai illa ga huhu; idan wuta ta yi kaɗan sai a samu baƙin gawayi mai shanye ruwan kwaɓi. Tokar da aka kwaso daga juji ba ita ake nufi ba.

Mutanen wannan yanki sun taɓa ɗanɗana abin da ake kira sabuwar fasahar gini. Lokacin da tafkin Kainji zai cika, an tashi mutane kimanin 44,000, cikinsu har da Gungawa da Kambari da mutanen tsohuwar Busa, aka mayar da su sababbin matsugunai da aka gina da bulon siminti da rufin asbesto. A kan takarda gidajen sun yi kyau. Amma da yawa daga cikin waɗanda aka ba sun koka da zafin ɗakunan da tsarin da bai dace da zamansu ba, wasu suka koma suka yi ɗakunan ƙasa da na ciyawa a gefe. Shi kuwa asbesto, daga baya duniya ta tabbatar ƙurarsa tana jawo cutar daji, ƙasashe da dama suka haramta shi. Ba a yi shawara da masu shiga ɗakin ba, ba a kuma koya musu yadda za su gyara abin da aka gina musu ba. Wannan tarihi ya isa ya sa mu riƙa tambaya kafin mu karɓa.

Ba ina cewa a yi watsi da maganar ba ne. Cewa nake yi a ba masu ita. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashe sukutum na fasahar gilashi, akwai Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Ƙasa, wato NBRRI, wadda aka kafa tun 1978 domin irin wannan aiki, a cikin jiha kuma ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi da jami'ar kimiyya ta Aliero. Matsalar ita ce binciken ɗalibai yakan ƙare a kan kanta, ƙura ta rufe shi. Hukumar HYPPADEC, wadda aka kafa domin raya yankunan da madatsun lantarki suka shafa, ita ce ta fi cancanta ta ɗauki nauyin gwaji na zahiri a nan gaɓar tafki: murhu ɗaya na ƙona ɓuntu da injin niƙa ɗaya a Yauri, a ƙarƙashin kulawar injiniyoyi masu rajista, a gwada toka, a gwada garin gilashin da aka kawo daga birni, a kwatanta su da siminti zalla. A fara da abin da ko ya lalace ba zai kashe kowa ba, kamar daɓen kasuwa da lambatu da matakalar mashigar jirgi da katangar makaranta, a bar su su sha damina uku ko huɗu ana aunawa. Ginshiƙi da dakin da gada kuwa, kada a kusance su sai hukumar SON ta fitar da ma'auni.

Sa'annan idan sakamako ya fito, a faɗe shi da harshen da birkila yake ji. A nan ne irinmu muke da abin yi. Har yanzu ba mu da tsayayyun kalmomin Hausa na mafi yawan abubuwan da na yi ta kewaye-kewaye wajen bayyanawa a wannan rubutu, balle a harshen Gungawa ko na Kambari ko na Shangawa, wanda masu jin sa ma sun ragu ƙwarai. Magini ba ya aiki da kashi cikin ɗari, da kwano da baro da shebur yake awo. Takardar da za ta yi masa amfani ita ce wadda za ta ce masa: ga kwano nawa na toka a kan buhu ɗaya, ga rariyar da dole garin ya ratsa, ga kwanakin da za ka yi kana ba bulo ruwa kafin ka sayar, ga kuma wuraren da ba a sa shi ko kaɗan. A karanta ta a rediyo, a manna ta a wuraren buga bulo, shugabannin ƙungiyoyin magina na Yauri da Shanga da Ngaski su riƙe kwafi.